Daga Nanook Zuwa TikTok: Yadda Mutanen Inuit Suka Karɓe Kyamara

 Wannan makon za mu yi nisan kiwo, har can ƙuryar arewacin Kanada, inda a wasu garuruwan rana kan faɗi lokacin sanyi ta yi makonni ba ta sake fitowa ba. Mutanen wurin su ne Inuit, waɗanda tsofaffin littattafan makaranta ke kira Eskimo, sunan da yawancinsu ba sa so. A ƙidayar 2021 yawansu a Kanada dubu 70 ne da 'yan kai, wato ƙaramar hukuma ɗaya a Kano ta ninka su sau da yawa. Suna da 'yan uwa a Alaska da Girinland. Duk da ƙarancin nan nasu, mai yawo a TikTok ko Instagram yana iya cin karo da su: wata na nuna yadda ake ɗinka rigar fata, wani na yanka ɗanyen nama a kan kwali a tsakar ɗaki, wasu mata biyu sun fuskanci juna suna wata irin waƙa daga cikin maƙogwaro.

Mai kallo zai ɗauka jiya abin ya fara, waya ce ta zo ta ba su baki. A namu karatun, wayar ta tarar da su ne a tsakiyar wata kokawa da ta kai shekara ɗari, kokawar wa zai riƙe kyamara idan ana ba da labarin Inuit. Wanda bai san farkon kokawar ba, rabin abin da ke cikin bidiyon nan na minti ɗaya zai wuce shi.

Mu fara daga 1922, shekarar da aka saki fim ɗin Nanook of the North. Wani Ba'amurke, Robert Flaherty, ya ɗauke shi a yankin Inukjuak, da kuɗin wani kamfanin Faransa mai cinikin fatu, Revillon Frères. Har yau ana koyar da shi a matsayin kakan fina-finan gaskiya. To amma gaskiyar tasa da gyara. Mutumin da aka kira Nanook sunansa Allakariallak. Matar da aka nuna a matsayin matarsa ba matarsa ba ce. A lokacin mafarautan yankin sun san bindiga, amma aka sa su farauta da mashi irin na kakanni. Akwai wurin da aka nuna masa garmaho, ya ɗauki faifan ya gartsa masa cizo, kamar wanda bai taɓa ganin kayan Turawa ba. Abin takaicin shi ne, Inuit ɗin da aka nuna a haka su ne suka taya Flaherty kula da kyamarar da wanke fim ɗin a cikin wannan sanyi. Hannunsu na cikin aikin dumu-dumu, amma hoton da duniya ta ɗauka ta riƙe shi ne na mutum mai murmushi, marar wayo, wanda ke cizon faifai.

Hoto irin wannan ba ya tsayawa a silima. Wanda aka ɗauka yaro ne, ba a shawara da shi. Daga shekarun 1940 gwamnatin Kanada ta ga sunayen Inuit sun yi wa ma'aikatanta wahalar rubutawa, sai ta ba kowa lamba a jikin wani ɗan faifai mai kama da kwabo, ana ratayawa a wuya. Harafin E na gabas, W na yamma, sai lambar yanki, sai lambar mutum. Da ita ake sanin ka a asibiti da makaranta. Sai wajen 1970 aka tura Abe Okpik, shi ma Inuk ne (haka ake ce wa mutum ɗaya), ya zagaya garuruwa yana rubuta sunayen da mutane suka zaɓa wa kansu. A 1953 da 1955 kuma aka kwashi wasu iyalai daga Inukjuak ɗin nan ta Nanook aka kai su Resolute da Grise Fiord, kusan kilomita 2,000 can arewa, da alkawarin akwai namun farauta, kuma wanda bai ji daɗi ba za a maido shi bayan shekara biyu. Ba a cika alkawarin ba. Cikin waɗanda aka kwasa har da Josephie, ɗan da Flaherty ya haifa a can ya tafi ya bari. Gwamnati ba ta nemi gafara ba sai a 2010.

Tunda mu marubuta ne, bari mu ɗan tsaya a kan wata mata. A shekarun 1950, a ƙauyen Kangiqsujuaq, wani ɗan mishan da ke koyon harshen Inuktitut ya roƙi Mitiarjuk Nappaaluk ta riƙa rubuta masa jimloli na yau da kullum. Ba ta yi makarantar boko ba, ba ta taɓa karanta ƙagaggen labari ba. Ta fara rubuta jimlolin da baƙaƙen da 'yan mishan suka kawo musu, sai abin ya gundure ta. Ta ƙirƙiro wata bazawara mai suna Sanaaq, ta ba ta 'ya, ta ba ta miji na biyu, ta shiga ba da labarin rayuwarsu: farauta, ɗinki, yunwa, zuwan Turawa, har da dukan mace a gidan aure. Aka nemi kalmomi, ta ba da littafi. Bai fito a harshensu ba sai a shekarun 1980, fassarar Faransanci a 2002, ta Ingilishi a 2014. Muna ganin duk abin da zai biyo baya yana cikin wannan ɗabi'a tata. Baƙo ya miƙo kayan aiki don buƙatarsa, mai gida ta karɓa ta yi nata aikin da shi.

Sai talabijin. A ƙarshen 1972 Kanada ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Anik, shirye-shiryen kudu suka fara sauka a ɗakunan arewa, da Ingilishi, da tallace-tallacen kayan da ba a sayarwa a can. Mutanen garin Igloolik suka kaɗa ƙuri'a har sau biyu suka ce ba sa so, tunda babu komai a ciki da harshensu. Rosemarie Kuptana, wadda daga baya ta shugabanci gidan talabijin na Inuit, ta kwatanta abin da irin bam ɗin nan da ke kashe mutane ya bar gine-gine a tsaye. A 1981 aka kafa gidan nasu, IBC, wanda ya riƙa yin labarai da shirin yara na 'yar tsana, Takuginai, da Inuktitut. Sai a 1983 Igloolik ta yarda aka kawo mata talabijin.

A wannan gari mai taurin kai Zacharias Kunuk yake. Masassaƙin dutse ne. A 1981 ya kai sassaƙe-sassaƙensa Montiriyal ya sayar, ya sayo kyamarar bidiyo ya koma gida, garin da ko talabijin babu. A 1990 shi da Paul Apak Angilirq da dattijo Pauloosie Qulitalik da wani Bature, Norman Cohn, suka kafa kamfanin Isuma, kalmar da ke nufin tunani. Yadda suka rubuta babban fim ɗinsu, Atanarjuat, ya cancanci mu duba shi da kyau. Tsohon labari ne na baka, na wani mai gudu da ya tsere wa masu son kashe shi, tsirara, a kan ƙanƙarar teku. Apak ya bi dattawa takwas ya naɗi yadda kowannensu ke ba da labarin, ya haɗa, ya fitar da guda. Kayan sawa da makamai duk mutanen garin ne suka yi su da hannu yadda kakanni ke yi. Sannan suka yi wani abu da baƙo ba zai yi ƙarfin halin yi ba: suka canza ƙarshen labarin. A bakin dattawa, da ramuwar jini yake ƙarewa. A fim ɗin, gwarzon ya sami dama ya ƙi kisa, aka kori masu laifin daga cikin jama'a. Labarinsu ne, sun san abin da matasan garinsu ke buƙatar ji. Apak ya rasu a 1998 bai ga an gama ba. A 2001 fim ɗin, mai kusan awa uku kuma da Inuktitut daga farko har ƙarshe, ya ci kyautar Caméra d'Or a bikin fina-finai na Cannes a Faransa. A 2015 wata ƙuri'ar masana da bikin fina-finai na Toronto ya shirya ta sa shi a kan gaba cikin duk fina-finan Kanada.

Amma fim sai mai kamfani, sai tallafi, sai shekaru. Isuma ɗin ma a 2011 bashi ya durƙusar da sashenta na shirya fina-finai. Abin da Facebook ya kawo shi ne, uwar gida mai waya ta zama gidan jarida.

Ga yadda abin ya faru. Yankin Nunavut, wanda aka yanka wa Inuit a ranar 1 ga Afrilu 1999, garuruwa 25 ne, kuma babu ko ɗaya da titin mota ya haɗa shi da wani. Kaya sai ta jirgin ruwa a ɗan lokacin da ƙanƙara ta narke, ko ta jirgin sama. A 2011 gwamnati ta canza tsarin tallafin abinci, ta koma ba manyan kantuna kuɗin kai tsaye da sunan za su rage wa mai saye. A watan Mayu 2012 wata ma'aikaciya a Iqaluit, Leesee Papatsie, ta buɗe zaure a Facebook mai suna Feeding My Family, wato ciyar da iyalina. Ba dogon turanci aka yi ba. Mutum zai shiga kanti ya ɗauki hoton kaya da takardar farashinsa ya ɗora. Kabeji ɗaya dala 28. Katan ɗin ruwan roba sama da dala 100. Cikin 'yan watanni mambobi suka haura 20,000, a yankin da mutanensa duka ba su kai 40,000 ba. A watan Yuni aka fito da kwalaye a ƙofar kantuna a garuruwa daban-daban, abin da ba a saba gani ba, domin a tarbiyyar Inuit fito-na-fito da ɗaga murya abin kunya ne. A 2014 babban mai binciken kuɗi na Kanada ya fitar da rahoto cewa ma'aikatar da ke kula da shirin ba ta tabbatar ko tallafin na isa ga mai saye gaba ɗayansa ba.

Abinci bai yi arha ba har yau, kada mu yi wa labarin kwalliya. Abin da ya canza shi ne, ba wanda zai sake cewa bai sani ba. Kuma a lura, an daɗe ana rubuta rahotanni masu kauri kan yunwa a arewacin Kanada. Kabeji ɗaya da farashinsa ya yi abin da ba su yi ba.

Rigima ta biyu ta fi zafi, kuma a kan wata dabbar ruwa ce da Turawa ke kira sil. A siffa ta ɗan yi kama da ayu. Ga Inuit ita ce nama, ita ce takalmi da riga, kuma kuɗin fatarta ne ke sayen man fetur da harsashin da za a sake fita farauta. Tun shekarun 1970 ƙungiyoyin kare dabbobi suka sa farautar sil a gaba, da hotunan jarirai farare tas masu manyan idanu a kan ƙanƙara. 'Yar fim ɗin Faransa Brigitte Bardot ta je har can a 1977 aka yi ta ɗaukar hoto. A 1983 Turai ta hana shigo da fatar jariran. Inuit ba jariran nan suke farauta ba, kuma dokar ta ce ban da su. Amma mai saye a Turai ba ya tambayar wace fata ce, kasuwar gaba ɗaya ta rushe, mafarauta da yawa suka koma jiran tallafin gwamnati. A 2009 Tarayyar Turai ta sake yin wata dokar da ta fi faɗi, da irin wancan togacin da bai hana komai ba.

A watan Maris 2014, a bikin Oska, mai gabatarwa Ellen DeGeneres ta ɗauki hoton ɗauki-da-kanka da taurarin fim, hoton ya karaɗe Twitter. Kamfanin Samsung ya ba da kyautar kuɗi saboda shi, dala miliyan 1.5 daga ciki ta tafi ga wata ƙungiyar Amurka da ke kan gaba wajen yaƙi da farautar sil. Wata yarinya 'yar shekara 17 daga Iqaluit, mai son shirin Ellen ɗin, ta yi mata bidiyo a YouTube cikin ladabi tana bayyana mata abin da sil yake a gidansu. Sai 'yar fim Alethea Arnaquq-Baril da mai wasan gargajiya Laakkuluk Williamson Bathory da wasu suka juya kalmar selfie ta koma #sealfie. Jama'a suka yi ta ɗora hotunansu cikin riguna da takalman fatar sil, wasu a gaban abinci, ana dariya. Da ba'a suka yi faɗan, kuma wannan ma gado ne, domin a da idan mutum biyu suka saɓa, akan tara jama'a su yi wa juna waƙar zambo, wanda aka fi yi wa dariya ya sha kaye.

Ba kowa ya fita lafiya ba. Mawaƙiya Tanya Tagaq ta ɗora hoton jaririyarta kwance kusa da sil da aka harbo, abin da a wurinsu bai fi hoton yaro kusa da ragon layya ba. Aka yi mata ca da zagi da barazana na tsawon watanni, wasu na cewa a ƙwace mata 'yar. A watan Satumban shekarar ta ci babbar kyautar waƙa ta Polaris, ta hau dandamali ta ce wa jama'a su ci sil su sa fatarsa. A shekarar ce kuma reshen Greenpeace na Kanada ya fito ya nemi gafarar Inuit kan ɓarnar da kamfen ɗinsa na baya ya yi musu. Arnaquq-Baril ta tattara rigimar a fim ɗinta na 2016, Angry Inuk.

Yanzu mu dawo kan matan nan biyu masu waƙar maƙogwaro. Sunan abin katajjaq. Asalinsa wasa ne na mata idan maza sun tafi farauta: a tsaya fuska da fuska, a riƙe hannun juna, ɗaya ta fara sauti ɗaya ta bi ta, ana kwaikwayon iska ko ruwa ko kukan tsuntsu, wadda ta fara dariya ko numfashinta ya ƙare ta faɗi. 'Yan mishan sun hana shi, ya kusa ɓacewa, tsofaffi ƙalilan suka riƙe. A 2014 lardin Kebek ya sa shi a matsayin abu na farko a jerin al'adun gado da yake karewa. A 2020, lokacin kullen korona, Shina Novalinga, wadda aka haifa a Puvirnituq ta tashi a Montiriyal, ta fara ɗora bidiyonta da mahaifiyarta Caroline suna yi. Mabiyanta suka kai miliyoyi, wato sun ninka duk Inuit na duniya sau da yawa. Tana nuna cin ɗanyen kifi da fatar dabbar teku, ta yi zanen fuska irin na matan da, wanda shi ma an taɓa hana shi, tana maganar makarantun kwana da aka riƙa raba yara da iyayensu da harshensu. Kusan kowane bidiyon waƙar da dariya yake ƙarewa. Baƙo zai ce sun yi kuskure ne, alhali ƙa'idar wasan ke nan.

A nan muke da 'yar damuwa, kuma ba laifin yarinyar ba ne. Bidiyon da ya fi tafiya shi ne wanda aka yi wa baƙo bayani da Ingilishi. Intanet a Nunavut ta tauraron ɗan'adam ce, ta daɗe tana da tsada da nauyi, don haka muryar da ta fi isowa gare mu sau da yawa ta mazauna biranen kudu ce, ba ta mafaraucin da ke ƙauye ba. Sannan na'urar da ke zaɓar abin da za a nuna wa mutane tana son abin mamaki: ɗanyen nama, baƙon sauti, zanen fuska. Idan ba a yi hankali ba, abin da ya sa aka so Nanook yana cizon faifai shi zai sa a so wannan. Bambancin da ke akwai, kuma ba ƙarami ba ne, yanzu mai abin ce ke yanke inda bidiyon zai fara da inda zai tsaya. Masu jin harshen a Kanada kuwa kimanin dubu 40 ne, kuma kasonsu a cikin matasa raguwa yake yi. Yawan mabiya bai taɓa koya wa yaro harshen kakarsa ba.

Kada kuma mu yi saurin cewa labarinmu ɗaya da su. Hausa ba ta cikin wannan hali. A Bauchi da Gombe da Filato da kudancin Kaduna akwai ƙananan harsuna da yaransu yau da Hausa suke tashi, ba da harshen iyayensu ba. Idan ana neman masu kama da Inuit a kusa da mu, su ne, mu kuwa a wannan lissafin muna ɓangaren babban harshen da ke shigowa ɗaki.

Sai maganar mai rumfa. Wanda ya kasa kaya a rumfar wani, ranar da mai rumfa ya ga dama zai ce a tashi. Mata masu ɗinkin fatar sil sun sha kokawa cewa Facebook na cire tallan kayansu da sunan haramtattun kayan dabbobi, kamfanin ya ce kuskure ne, abin ya sake faruwa. A ƙarshen 2022 kamfanin ya fitar da Facebook da Inuktitut, aka yi murna. A watan Agusta 2023 kuma, saboda rigimarsa da gwamnatin Kanada kan wata dokar biyan kafafen labarai, ya toshe labarai gaba ɗaya a ƙasar. Jaridar arewa irin Nunatsiaq News ta daina bayyana a dandalin da kusan kowane gida a yankin ke buɗewa da safe, a kan faɗan da ba su suka tayar ba.

Su Kunuk tun 2008 suka buɗe nasu rumbun a intanet, IsumaTV, inda 'yan asalin ƙasa daga sassan duniya ke ajiye bidiyo da harsunansu. Ba ya tara miliyoyin masu kallo, ba kuma don haka aka yi shi ba. A watan Janairu 2021 suka ƙara da tashar Uvagut TV, mai watsa shiri da harshen Inuit dare da rana. Uvagut na nufin mu. Kwanaki kaɗan da buɗe ta aka fara zaman sauraron jama'a kan buƙatar kamfanin Baffinland na ninka haƙar ƙarfen da yake yi a Mary River, da shimfiɗa layin dogo, da ƙara yawan jiragen ruwa a mashigin da mutanen Pond Inlet ke farauta. Tashar ta watsa zaman kai tsaye, dattawa a garuruwa masu nisa suka ji abin da ake faɗa da harshensu. A watan Fabrairu wasu mafarauta suka hau baburan ƙanƙara suka je suka tare filin jirgin ma'adinan na kusan mako guda, hotunansu na yawo a Facebook. A watan Nuwamba 2022 ministan harkokin arewa na Kanada ya ƙi amincewa da faɗaɗa aikin.